Ba A Haihuwar Jaji, Horar Da Ita Ake Yi

Idan ke 'yar karkara ce, ko kina da dangi a can, kin san kowane ƙauye yana da wata mace da ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta yi tsanani, ita kuma ake kai wa ƙara idan kishiyoyi sun saɓa. Wani wuri ungozoma ce, wani wuri uwar adashi, wani wuri matar mai unguwa. Ba wanda ya naɗa ta, amma maganarta ba ta faɗuwa ƙasa. To, abin tambaya shi ne, me ta sani? Domin abin da ta sani da shi ƙauyen zai yi aiki, daidai ne ko kuskure.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta lura cewa matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu su zauna a gabanta ba, ita ma ba za ta iya zaga kowane ƙauye ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu mutunci daga cikin ƙauyukan, ta karantar da su, ta naɗa wa kowacce malfa da jan rawani. Ita ce jaji, ayarinta kuma su ne 'Yan Taru. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana, su haddace waƙoƙin karantarwa, su koma gida su koyar da matan aure. Ba karatu kaɗai ba, har da kula da marasa lafiya, wankan gawa da sulhunta masu rigima. Bayan rasuwar Nana, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

A zamaninmu ma mun ga irin wannan. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda shakkun da jama'a suka shiga. An koma aikin a 2004, amma gidaje da yawa sun ci gaba da rufe ƙofa. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi, aka riƙa wayar da kan hakimai, dagatai da masu unguwanni. Daga 2012 kuma aka horar da dubban mata 'yan sa-kai, kowacce a unguwarta. Suna shiga gida-gida, suna rubuta sunayen jarirai, suna halartar suna, suna tura masu ciki awo. A 2016 aka ga kamu na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar a Borno, a watan Agustan 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ita, ko da yake har yanzu ɗigon bai zama abin wasa ba. Hakika da ɗan gari akan ci gari.

Me horo yake ƙara wa macen da ake jin maganarta? Na farko, sanin lokacin da abu ya fi ƙarfin gida. Ungozomar da aka horar ta san zubar jini, kumburin fuska da hannu, matsanancin ciwon kai, da naƙudar da ta wuce awa 12, duk alamu ne na a nemi mota, ba a ƙara jiƙo ba. Ta san idan yaro yana gudawa a haɗa masa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kafin a isa asibiti. Na biyu, rubutu. Uwar adashin da ta iya riƙe littafi takan iya ware wani abu domin kuɗin motar gaggawa, ba tare da an yi zargin juna ba. Na uku, iya magana: yadda za ta shawo kan maigida cikin ladabi, da ƙofar da za a buga a ƙaramar hukuma idan famfon tuƙa-tuƙa ya lalace.

Sai dai horon kwana uku da za a raba kuɗin mota a watse ba ya haifar da jaji. Ayarin 'Yan Taru zuwa yake yi ya koma, ya sake dawowa. Dole a riƙa bibiya, kuma mutanen ƙauye su zaɓi wadda suka yarda da ita, ba wadda take da hanya ba.

Saboda haka 'yar uwa, idan kika je ganin gida, nemi wannan baiwar Allah ki zauna da ita. Idan an buɗe wani horo a asibitin yankinku, ki sa baki a tura ta, maigida kuma ya taimaka da izini. Mu malaman Islamiyya, mu ware ko da awa ɗaya a mako mu gayyato ma'aikaciyar jinya ta yi wa ajin matan aure bayani. Allah Ya ba mu ikon aikatawa, amin.