Shiga Soja Bayan Shekara Talatin: Kakin Kullum ko na Ko-ta-kwana?

A Najeriya, wanda ya haura shekara talatin bai taɓa sa kaki ba ya san maganar ɗaukarsa kurtu ta wuce, domin samari masu jini a jika ake turawa Defot na Zariya. A Amurka abin ya sha bamban. Tun 1973 da aka daina tilasta wa matasa shiga soja, rundunonin ƙasar sai sun fita neman mutane, kuma da masu amsa kira suka yi ƙaranci aka ɗaga iyakar shekarun shiga. Rundunar ruwa ta kai ta 41 a 2022, ta sama ta kai ta 42 a 2023. Saboda haka magidanci mai iyali, direba ne ko malamin makaranta ko ma'aikacin jinya, yana iya wayar gari ya ce zai sauya sana'a ya zama soja. Ba sai ɗan ƙasa ba: baƙon da ke da takardar zama ta dindindin, wadda ake kira girin kad, shi ma ana ɗaukarsa, abin da ya sa maganar ta shafi 'yan Afirka ta Yamma da ke zaune a unguwanni irin su Bronx ta birnin New York.

Ƙofa biyu ce a gaban irin wannan mutum. Ta farko ita ce aikin soja na dindindin: ya ajiye sana'arsa, ya koma inda aka tura shi, albashinsa da alawus ɗin gidansa da asibitin iyalinsa duk su koma wuyan gwamnati. Ta biyu ita ce aikin ko-ta-kwana, ko dai a rundunonin tarayya ko a National Guard da ke ƙarƙashin gwamnonin jihohi. Shi wannan yana zaune a gidansa yana sana'arsa, sai dai yakan ba da Asabar da Lahadi ɗaya a kowane wata, da mako biyu na atisaye a shekara. Mafi yawan manya suna karkata ga ƙofa ta biyu da tunanin ita ce mai sauƙi, wai bari a ɗanɗana a gani. A ganina wannan tunani ne ke jefa mutane cikin nadama. Abin da ya kamata ya raba gardama shi ne ko mutum yana da sana'ar da ta cancanci a riƙe, da kuma ko sana'ar za ta rayu in ya ɓace mata shekara guda.

Maganar ɗanɗanawa ba ta da tushe tun daga takardar da ake sa wa hannu. Duk wanda ya shiga sojan Amurka karon farko ya ɗaure kansa na shekara 8, ta kowace ƙofa ya bi. Na dindindin yakan yi huɗu a bariki, sauran huɗun sunansa na cikin jerin waɗanda za a iya kira. Ɗan ko-ta-kwana kuwa yawanci shekara shida yake yi yana zuwa atisayen wata-wata. Horon farko ma ba a rage masa komai: a rundunar ƙasa mako 10 ne ga kowa, a sansani irin na Fort Jackson, masu horarwa na yi wa mai shekara 34 tsawa kamar yadda suke yi wa mai 18, daga nan a wuce makarantar koyon aiki wadda kan ɗauki makonni ko watanni. Ke nan kafin a kai ga Asabar da Lahadin da ake talla da su, mutum ya riga ya bar gida da wurin aiki na tsawon watanni. In kuma daga baya ya ga aikin ya yi masa, yana so ya koma na dindindin, sai shugabanninsa sun sa hannu sun sake shi, kuma suna da ikon ƙi.

Sai babbar magana, wato kira. Tun bayan yaƙin Biyetnam aka tsara rundunar Amurka yadda ba za ta iya dogon yaƙi ba sai da 'yan ko-ta-kwana, domin yawancin masu jigilar kaya da injiniyoyi da ma'aikatan asibitin fagen daga suna cikinsu. An ga sakamakon haka a Iraƙi, inda a 2005 kimanin kashi 40 cikin 100 na sojojin Amurka da ke ƙasar 'yan ko-ta-kwana ne. Wahalar ta kai a 2007 sakataren tsaro Robert Gates ya taƙaita kiran dole zuwa shekara guda a jere, da burin a bar mutum shekara biyar a gida kafin a sake ɗaukarsa. Sojoji ukun da jirgi marar matuƙi ya kashe a wani sansani a arewa maso gabashin Jordan a watan Janairun 2024, dukansu 'yan ko-ta-kwana ne daga wata rundunar injiniyoyi ta jihar Georgia. Ɗan National Guard kuma yana da shugaba na biyu, gwamnan jiharsa, wanda zai iya kiransa kan ambaliya ko gobarar daji ko tarzoma. Kimanin 50,000 aka tara bayan guguwar Katrina a 2005. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ladan nan albashin kwana huɗu ne da ake biya kan atisayen kwana biyu.

Za a ce ai doka ta kare aikin mutum. Gaskiya ne, kuma doka ce mai ƙarfi. Dokar 1994 da ake kira USERRA ta wajabta wa mai kamfani ya mayar da ma'aikacin da aka kira bakin aikinsa, da matsayin da zai kai da bai tafi ba, muddin jimillar tafiye-tafiyensa ba ta wuce shekara biyar ba. Wata dokar kuma ta hana a ɗora masa ruwan da ya wuce kashi 6 cikin 100 kan bashin da ya ci kafin a kira shi. Amma dokar USERRA ba ta ce mai kamfani ya cike masa giɓin albashi ba, saboda haka wanda albashinsa na farar hula ya fi na igiyarsa zai ga kuɗin cefane ya ragu daidai lokacin da matarsa ke riƙe da gida ita kaɗai. Mafi muhimmanci, dokar ta san mai aiki a ƙarƙashin wani ne kawai. Mai tuƙa motar haya tasa ta kansa, da mai shagon kayan masarufi, da tela, ba su da wanda za a tilasta wa ya mayar da su. Kuɗin hayar shago ba ya jira, masu ciniki kuma sun koma wani wuri. Ga baƙi da yawa da ke cin abinci da guminsu ta irin waɗannan hanyoyi, ƙofar da ake gani mai sauƙi ita ce mafi hatsari.

Wannan bai sa aikin dindindin ya zama babu tsada ba. Babba mai shekara talatin da ɗoriya yana farawa daga ƙasa. Ko da digiri a hannunsa, matakin kurtu na huɗu rundunar ƙasa ke ba shi, kuma wanda bai kai ƙaninsa ba zai riƙa ba shi umarni. Muƙamin hafsa sai ɗan ƙasa, haka ma ayyukan da ke buƙatar izinin ganin bayanan sirri, irin su leƙen asiri da tsaron kwamfuta, waɗanda su ne suka fi tsada a kasuwar aiki bayan an tuɓe kaki. Ana samun takardar zama ɗan ƙasa da sauri ta hanyar aikin soja, ta kowace ƙofa, amma sana'ar da za a koya ana zaɓarta ne ranar sa hannu, kafin takardar ta zo. Ga kuma sauyin wurin aiki duk bayan shekara biyu zuwa huɗu, wanda ke raba mata da aikinta, ya raba yara da makarantarsu, ya kai iyali garin da masallaci da mahaucin halal suke da nisa.

Duk da haka, in sauya sana'a ake nema da gaske, a wannan ƙofar sauyin yake. Mai aikin dindindin yana yin abin da aka koya masa kullum, gyaran injin jirgi ne ko haɗa magunguna, har ya fita da gogewar shekaru. Ɗan ko-ta-kwana yana taɓa aikin kwana biyu a wata, sannan ya koma sana'ar da yake gudu tun farko. Cikakken tallafin karatun jami'a da aka kafa bayan harin 11 ga Satumba sai wanda ya yi wata 36 yana aikin kullum, kuma atisayen ƙarshen mako ba ya shiga lissafin. Asibiti kyauta ne ga iyalin na dindindin, ɗan ko-ta-kwana kuwa biya yake duk wata, ko da yake da rangwame. Fansho ma haka: wanda ya shiga yana da 34 ya cika shekara 20 zai fara karɓa nan take yana da 54, shi kuwa ɗan ko-ta-kwana sai ya jira shekara 60 a ƙa'ida, kuma abin da zai samu ya danganta da kwanakin da ya tara. Sai dai mafi yawan kurata ba sa kaiwa shekara 20, shi ya sa tsarin da ya fara aiki a 2018 ya rage fanshon zuwa kashi 40 cikin 100 na albashi, ya buɗe asusun ajiya da gwamnati ke zuba wa kuɗi, wanda soja zai tafi da shi ko ya bar aiki da wuri.

Wanda aikin ko-ta-kwana ya dace da shi a bayyane yake: ma'aikacin jinya a babban asibiti, ɗan sanda, malami, ma'aikacin gwamnati, wato mai son sana'arsa wanda ke aiki a wurin da zai iya jure rashinsa, yana kuma da dangi kusa da za su tallafa wa iyalinsa in an kira shi. Irin wannan yana ƙara wa rayuwarsa hidimar ƙasa ne ba tare da ya rushe ta ba. Wanda kuwa ya gaji da aikinsa, ko yake zaman kansa, ko ba shi da watanni shida na cefane a ajiye, ya kamata ya zauna da matarsa su lissafa shekara guda babu shi da babu cinikinsa kafin ya je ofishin ɗaukar kurata. In lissafin bai fita ba, zaɓin da ya rage masa shi ne kakin kullum da duk ƙauransa, ko kuma ya haƙura da soja ya nemi sabuwar sana'a a matsayin farar hula.