Kasafin Kuɗi Mai La'akari da Jinsi: Inda Dokar Hana Cin Zarafi Ke Jiran Kuɗi a Nguru da Gashuwa

A shekarar 2015 ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a, Jihar Yobe kuma ta amince da tata a 2022. Dokar ta ba wanda aka ci wa zarafi haƙƙin samun magani, da kulawa, da taimakon shari'a. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan haƙƙoƙi kuɗi yake ci, kuma ba a fitar da kuɗin gwamnati sai an yi masa gurbi a kasafin shekara.

Wannan ne aikin tsarin da masana tattalin arziki ke kira kasafi mai la'akari da jinsi. Ba wani kasafi ne dabam na mata ba. Ana bin kasafin kowace ma'aikata ne layi-layi, a duba wa zai amfana, maza nawa, mata nawa, sannan a gyara rabon inda aka ga giɓi. Ostireliya ce ta fara shi a 1984, Afirka ta Kudu ta biyo baya a 1995. A Yuganda, dokar kuɗi ta 2015 ta wajabta wa kowace ma'aikata samun takardar shaidar daidaito kafin majalisa ta amince da kasafinta.

Buƙatar a fili take. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko makamancinsa, kashi 9 kuma cin zarafi ta hanyar lalata.

A arewacin Yobe, nisa na ƙara wa lamarin nauyi. Maganin da ke kare wadda aka yi wa fyaɗe daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72. Gashuwa kuwa ta fi kilomita 150 daga Damaturu, Nguru ta fi ta nisa. Saboda haka kuɗin da aka ware wa hedkwatar ma'aikata ba zai isar wa yarinyar da ke ƙauyen Bade ba, sai an sa magani, da kayan gwaji, da ma'aikaciyar jinya da ta samu horo a asibitin Gashuwa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Haka nan man motar 'yan sanda da kuɗin kai shaidu kotu.

Galibin waɗannan buƙatu na cikin kuɗin gudanarwa na yau da kullum ne, waɗanda aka fi saurin zaftarewa idan kuɗin shiga ya ragu. Ginin cibiya kan samu gurbi a manyan ayyuka, amma ɗaki ba magani ba ya warkar da kowa. Shi ya sa adadin da aka saki ya fi adadin da aka amince da shi muhimmanci.

Asarar na taɓa 'yan kasuwa kai tsaye. Mai sarrafa kifi ko mai surfa shinkafa da ta kwanta jinya, jarinta ne ke tafiya wajen magani, bashin da ta ɗauka a hannun dillali kuma ya maƙale.

Hanyar bin diddigi a buɗe take. Tun bayan shirin Bankin Duniya na 2018 kan bayyana kuɗaɗen jihohi, ana wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Nguru da Gashuwa na iya duba layukan ma'aikatun lafiya, shari'a da harkokin mata, su kwatanta abin da aka ware da abin da aka saki, su kai tambayarsu zauren jin ra'ayin jama'a kafin majalisar jiha ta amince da kasafi na gaba.