Manhajar ERP: Me ya sa haɗa lissafin kamfanonin raba wuta ke da wuya?

Takardar kuɗin wuta da ake kai wa magidanci a Kano ko Kaduna takan bi ta ofisoshi da dama: masu karanta mita, masu lissafi da masu karɓar kuɗi. Idan kowane ofishi yana da littafinsa daban, mutum zai iya biya amma a zo yanke masa wuta, domin masu tsani ba su ga shaidar biyan ba.

Irin wannan matsala ce manhajar ERP ke magancewa. Tsari ne na kwamfuta da ke haɗa kuɗi, albashi, sayayya da kayan sito a rumbun bayanai guda, kuma ana iya haɗa shi da sashen cajin kwastomomi. Fitattun masu ƙera ta su ne SAP na Jamus da Oracle da Microsoft na Amurka.

Da zarar an fitar da taransifoma daga sito, akanta zai gani nan take, tare da sunan wanda ya sa hannu.

Gadon NEPA

Daga Nuwamban 2013 gwamnatin tarayya ta fara miƙa kamfanonin raba wuta 11 da aka ciro daga PHCN ga ’yan kasuwa. Ta sayar da kashi 60 cikin 100, ta riƙe 40.

Sabbin masu kamfanonin sun gaji tsofaffin bayanai tun zamanin NEPA. Akwai asusun da ke ɗauke da sunan wanda ya rasu, akwai kuma gidajen da ke shan wuta ba su cikin rajista. Manhaja ba ta gyara wannan da kanta. Abin da aka zuba mata shi za ta mayar, don haka ƙidayar kwastomomi gida-gida ce matakin farko.

Masu gida biyu

Ɗan kasuwa na neman riba, gwamnati na duba farashi da ayyukan ma’aikata, hukumar NERC kuma na jiran rahoto. Girka ERP kan ɗauki watanni ko shekaru, yana cin kuɗin lasisi da horo, kuma yana buƙatar shugabanci mai ɗorewa.

A Yulin 2022 an sauya hukumomin gudanarwar kamfanonin Kano, Kaduna da Benin, bayan bankin Fidelity ya nemi karɓe hannun jarin da aka jinginar masa kan bashi. Irin wannan sauyi kan jinkirta duk wani dogon aiki.

Sai batun ma’aikata. Wanda ya saba aiki da takarda yana tsoron rasa kujerarsa, wanda ke cin moriyar rashin tsari kuwa ba ya son manhajar da ke rubuta sunan duk wanda ya sauya adadi.

Ga magidanci, ma’aunin nasara mai sauƙi ne: ya biya yau, kuɗin ya bayyana a asusunsa yau, masu tsani su wuce ƙofarsa.