Ko Kun Sani? Kuskuren Umarnin Alƙali Na Iya Tsayar da Kisa

A Amurka, a shari'ar kisa, mutum 12 daga cikin jama'a ne ke taya alƙali yanke hukunci, shi kuma ya karanta musu umarnin da za su bi. Idan umarnin ya karkace, hukuncin na iya rushewa. Haka ta faru da Johnny Paul Penry a jihar Texas. A 1989 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kisansa, domin tambayoyin da aka ba masu taya alƙalin ba su bar musu hanyar yin la'akari da raunin ƙwaƙwalwarsa ba. Aka sake yanke masa kisa, amma a Nuwamban 2000, saura 'yan sa'o'i a yi masa allurar mutuwa, kotun ta dakatar, kuma a 2001 ta ce sabon umarnin ma yana cin karo da kansa.

Wasu na ganin wannan jan ƙafa ne da ke ƙara wa iyalan matar da Penry ya kashe raɗaɗi, kuma kukansu abin saurare ne. Sai dai ba a sake shi ba. A 2008 ya ƙare da ɗaurin rai-da-rai. Jinkiri yana da gyara, kisa bisa kuskure ba shi da shi.