Lambu a kan tebur: yadda talakawan Dakar ke noman kayan miya a tsakar gida

A unguwannin talakawa na manyan biranenmu, abin da uwar gida ke fara ragewa idan kuɗin cefane ya gaza shi ne kayan lambu. Shinkafa dole ce, mai dole ne, amma tumatir da salati da karas sai in an samu rara. Sai tukunya ta koma ta shinkafa da mai da dunƙulen magi, ciki ya cika, jiki kuwa bai samu abin da yake bukata ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana ba da shawarar kowane babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a kullum, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Gidaje da yawa sun yi nisa da na farko, sun kuma zarce na biyu.

Birnin Dakar na Senegal ya daɗe yana gwada wata dabara a kan wannan matsala. Kayan lambun birnin galibi daga yankin Niayes suke fitowa, wani zirin ƙasa mai damshi da ya bi gaɓar teku daga Dakar zuwa Saint-Louis. Amma gine-gine na ta cinye lambunan da ke kusa da birni, kuma mazauna unguwanni masu cunkoso irin su Pikine da Guédiawaye ba su da ko taƙin ƙasar da za su yi shuka. A shekarar 1999 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tare da gwamnatin Senegal suka ƙaddamar da shirin ƙananan lambuna, wanda ake kira micro-jardins da Faransanci. Daga baya ma'aikatar magajin garin Dakar ta rungumi aikin, birnin Milan na Italiya ya tallafa, kuma a 2008 shirin ya samu lambar yabo ta Dubai da ake bayarwa tare da hukumar UN-Habitat.

Lambun kansa tebur ne na katako, faɗinsa kamar murabba'in mita ɗaya, mai ɗan zurfi kamar akwati. Ana shimfiɗa leda a ciki, a huda gefe ɗaya a saka guntun tiyo domin ruwan da ya yi yawa ya tsiyaye cikin bokiti a sake amfani da shi. A maimakon ƙasa, ana zuba ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa, wani lokaci a haɗa da tsakuwar marmara. Senegal ƙasar gyaɗa ce, ɓawonta kuwa shara ne da ake nema a rabu da shi. Amfanin wannan haɗi shi ne ba shi da nauyi, ana iya ɗora shi a saman soro, yana riƙe damshi, iska na ratsa saiwa, kuma ba ya ɗauke da cututtukan da ke cikin ƙasa. Sai dai ba shi da abincin da shuka ke bukata, don haka ana narka taki a ruwan ban shukar, ko a yi amfani da takin gargajiya da ya ruɓe sosai.

Bisa ƙididdigar FAO, tebur ɗaya na iya ba da kilo 30 na tumatir a shekara, ko kan salati 36 a duk kwana 60, ko kabeji 10 a kwana 90, ko albasa 100 a kwana 120. Ruwan da yake sha bai wuce lita 3 a rana ba. Dubban mazauna Dakar sun samu horo, yawancinsu mata, kuma wasu na sayar da rarar salati da na'ana'a ga maƙwabta, don na'ana'a ba ta kwantai a garin da ake shan ataya safe da yamma.

Dole a faɗi iyakar abin. Tebur biyu ko uku ba za su ciyar da gida mai mutum goma ba, ba kuma za su sauke farashin buhun shinkafa ba. Katako da leda da iri duk kuɗi ne a tashin farko, kuma inda tallafi ya ƙare, takin narkawa ya yi wuyar samu, wasu kan bar teburan su bushe. Abin da ya riƙe shirin a Dakar shi ne cibiyoyin horarwa da aka buɗe cikin unguwanni, inda mace za ta koyi aikin, ta samu iri da taki kusa da gida. Hukumar birnin da ta raba tebura kawai ta ɗauki hoto ta tafi, asarar katako ta yi.

Ga mazauna zango-zango, daga Briqueterie a Yaoundé zuwa Nima a Accra da Zongo a Cotonou, yanayin kusan ɗaya ne: gidan haya, tsakar gida ta siminti, iyalai da yawa a kan famfo ɗaya. A irin wannan gida sai an fara shawo kan mai gida da sauran 'yan haya, a sami kusurwar da rana ke bugawa aƙalla awa shida, a kuma yi wa teburin shinge saboda awaki da kaji. Ba lallai ne a bi salati da kabeji ba. Alayyafo da yakuwa da rama da lalo sun fi jure zafi, suna saurin tofowa bayan an tsinka, kuma yara sun riga sun saba da su a miya. Inda katako ya yi tsada, tsohuwar taya ko buhu ko rabin jarka da aka huda ƙasanta na iya maye gurbin teburin.