Wutar Neman Taimako a Teku

Mai karatu, ka sha jefa dutse sama, ka ga gudunsa yana raguwa har ya tsaya, sa'an nan ya komo ƙasa. To, wannan abu da ka ke gani wasa, da shi a ke lissafin ceton rai a teku.

In jirgin ruwa ya shiga hatsari da dare, ma'aikatansa su kan harba wuta sama don na nesa su kawo gudummawa. A 1912 jirgin Titanic ya harba fararen wutatai, mutanen jirgin Californian suka hange su, ba su zo ba, mutum fiye da 1,500 suka halaka. Ka ga sai an ga wutar sosai, an kuma gane ta.

Bari mu lissafa daɗewarta. Ƙasa tana jan kowane abu. Abin da aka harba sama, kowane sakan sai gudunsa ya ragu da wajen mita 10. A ce wuta ta tashi tsaye da gudun mita 40 a sakan. Bayan sakan 4 gudun ya ƙare, ta kai mita 80. Saukowa kuma sakan 4 ne. Jimla 8 ke nan. Iska kan rage wannan kaɗan.

Amma a ce akwai tudu tsakaninka da masu ceto, ba su ganin abin da bai kai mita 35 ba. Wutar tana kai nan a sakan na 1, ta komo nan a sakan na 7. Ashe sakan 6 kaɗai za a gan ta. In mai tsaro ya waiwaya, shi ke nan. In kuwa ka karkatar da hannu ƙwarai, ba za ta ma tsere wa tudun ba.

Don haka aka yi dabarar ɗaura mata ƙaramar laima. Dokar jiragen ruwa ta duniya ta ce irin wannan wuta ta zama ja, ta kai mita 300, ta yi sakan 40 tana ci, kada kuma ta sauko fiye da mita 5 a sakan. Lissafa da kanka: 5 sau 40, 200 ke nan. Watau za ta mutu da sauran mita 100 tsakaninta da ruwa, idon mai nema bai rabu da ita ba.