Daren Da Jiragen Ruwa 13 Suka Tare Hanyar Japan

Tsofaffin sojanmu da suka yi yaƙin Bama daga 1943 zuwa 1945 sun san Japanawa a ƙungurmin daji. Amma tun kafin su taka ƙasar Bama, an riga an karya lagon Japan a teku, kusa da tsibirin Guadalcanal da ke cikin tekun Fasifik.

Abin da aka yi faɗa a kansa filin jirgin sama ne guda ɗaya, wai shi Henderson, wanda Amurkawa suka ƙwace a watan Agusta 1942. Muddin yana hannunsu, jiragen ruwan Japan ba su da ikon kai soja da abinci tsibirin da rana. Saboda haka aka tura Admiral Abe da manyan jiragen yaƙi biyu, Hiei da Kirishima, su ragargaza filin cikin dare.

Bayan ƙarfe ɗaya na daren Juma'a, 13 ga watan Nuwamba 1942, sai Admiral Callaghan ya tare su da jirage 13, dukansu ƙanana ne a kan waɗancan biyu. Babu farin wata. Helena na cikin jiragen da ke da sabuwar na'urar rada, mai hango abokan gaba cikin duhu, amma Callaghan yana cikin San Francisco. Kafin ya gama tambayar abin da aka hango, rundunonin biyu sun cuɗe, har aka rasa gane na gida da baƙo. Harsasan San Francisco suka faɗa wa ɗan'uwansa Atlanta. Cikin kimanin minti 40 Callaghan da Admiral Scott duk suka rasu.

Amurka ta yi hasarar jirage shida, har da Juneau, wanda jirgin ƙarƙashin ruwa ya nutsar da gari ya waye, 'yan'uwa biyar na gidan Sullivan suka halaka. Duk da haka Abe ya juya bai taɓa filin ba. Da rana jiragen sama suka yi ta yi wa Hiei luguden wuta har ya nutse.

Bayan kwana biyu Japanawa suka dawo. A wannan karo Admiral Lee, wanda ya san aikin rada sarai, ya yi amfani da ita, jirginsa Washington ya nutsar da Kirishima. A watan Fabrairu 1943 Japan ta kwashe sojanta daga tsibirin, ba ta sake komawa ba.